Eidur Gudjohnsen: yadda karayar idon sawu ta sake wa ɗan ƙwallon Ayislan salon wasa

Ranar 24 ga Afrilun 1996 aka buga wasan sada zumunta tsakanin Estoniya da Ayislan a birnin Tallinn. Ayislan ta ci 3-0, amma ba sakamakon ne ya sa ake tuna wasan ba. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, koci ya yi canji. Wanda ya fito shi ne Arnor Gudjohnsen, mai shekara 34. Wanda ya shiga a madadinsa kuma ɗansa ne na cikinsa, Eidur, mai shekara 17. Da suka haɗu a bakin layi, uban ya sumbaci ɗan a kumatu, ya wuce benci. Kafin wannan rana ba a taɓa ganin uba da ɗa sun buga wa ƙasa wasa guda ba.

Akwai dalilin da ya sa ba a bar su a fili tare ba. Shugabannin ƙwallon ƙasar sun so a adana wannan rana sai an dawo gida Reykjavik, jama'a su gani da idonsu. Kafin ranar ta zo, Eidur ya karye a idon sawu a wasan 'yan ƙasa da shekara 18 da Ailan. Ya shafe kusan shekara biyu yana jinya. Kafin ya dawo cikin tawagar ƙasa, uban ya bar ta. Ba su taɓa buga wasan da aka tanadar musu ba.

Galibin masu ba da labarin Eidur a nan suke tsayawa, don labari ne mai taɓa zuciya. Amma wanda yake son ya gane dalilin da ya sa koci Mourinho a Chelsea da koci Guardiola a Barcelona duk suka riƙe wannan mutum a ƙungiyoyinsu mafi ƙarfi, alhali bai taɓa zama gwarzon mai zura ƙwallaye a wata gasa ba, to daga wannan karayar ya kamata ya soma lissafi.

Ƙasar da ƙwallo ke hutu fiye da rabin shekara

Ayislan tsibiri ce can arewacin tekun Atlantika. A lokacin da aka haifi Eidur, ranar 15 ga Satumban 1978, mutanenta ba su kai 250,000 ba. A watan Disamba hasken rana a Reykjavik awa huɗu zuwa biyar ne kawai, ga iska, ga ƙanƙara, ciyawa ba ta fitowa. Saboda haka gasar ƙasar a wancan zamani daga Mayu take farawa ta ƙare a Satumba. Sauran watannin yaro sai dai ya buga a kan tsakuwa, ko a ɗakin wasan ƙwallon hannu. 'Yan wasan gasar cikin gida mafi yawansu suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Duk wanda yake son ya ci abinci da ƙafarsa, dole ya haye ruwa.

Wasu sun haye tun da daɗewa. Albert Gudmundsson ya buga wa Arsenal da AC Milan a shekarun 1940, daga baya ya zama ministan kuɗi. Asgeir Sigurvinsson ya ci gasar Jamus da Stuttgart a 1984. Arnor kuwa yana da shekara 17 ya tafi Lokeren ta Beljiyam, a shekarar da aka haifi Eidur, daga nan ya koma Anderlecht, inda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Beljiyam a kakar 1986-87. Shi ne kuma ya ɓarar da fanaretin ƙarshe a wasan ƙarshe na kofin UEFA na 1984, wanda Tottenham ta ɗauka.

Wannan yana da muhimmanci domin Eidur ba irin yaron Ayislan na yau da kullum ba ne. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Beljiyam ya yi shi, a gidan ƙwararren ɗan wasa, yana ganin yadda ake atisaye da cin abinci da barci a kan tsari. Ya taso da harshen Holanci, wanda ake yi a wani ɓangare na Beljiyam, a bakinsa. Sa'ad da PSV Eindhoven ta ƙasar Holan ta ɗauke shi daga Valur ta Reykjavik yana ɗan shekara 16, ba baƙon yare ba ne, ba kuma baƙon yanayi ba. Matsalar da ke kayar da yara da yawa a shekararsu ta farko a ƙetare, wato kaɗaici da rashin jin abin da koci ke faɗa, shi an riga an sauƙaƙe masa ita. A PSV ya tarar da wani matashi ɗan Brazil da ya girme shi da shekara biyu, Ronaldo.

Ko sunansa ma ya fita daban. Mutanen Ayislan ba su cika amfani da sunan zuriya ba. Yaro sunan ubansa yake ɗauka a ƙara masa “son”, yarinya a ƙara mata “dottir”, kamar dai a ce Musa ɗan Audu. Shi ya sa aka ga tawagarsu cike da Sigurdsson da Gunnarsson da Bjarnason. Da an bi wannan tsari, Eidur Arnorsson za a kira shi. Gudjohnsen yana cikin tsirarun sunayen zuriya da suka saura tun kafin dokar 1925 da ta hana ƙirƙirar sababbi.

Abin da karayar idon sawu take yi wa ɗan wasan gaba

Idon sawu wuri ne da ƙasusuwan ƙwauri biyu, babba da siriri, suke zama a kan wani ɗan ƙashi da ke saman dunduniya, jijiyoyi suna ɗaure su ta ciki da ta waje. Idan aka karye, ƙashin kansa ba shi ne babbar matsala ba, domin a jikin matashi yakan haɗe cikin mako shida zuwa goma sha biyu. Wahalar tana biyo baya. Ƙafar da ta daɗe a ɗaure takan sandare, ta kasa lanƙwasawa sama yadda ta saba. Tsokar sha-raɓa takan motse. Jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta taka sukan yi sanyi, mutum ya riƙa jin kamar ba tasa ba. In aka yi gaggawar komawa fili, sai nauyin ya koma kan agara da sauran jijiyoyin, su kumbura, ciwo ya dawo ta wata ƙofar. Abin da ya sami Eidur ke nan: ƙashi ya warke, kumburin jijiya ya ƙi tafiya.

Ga mai tsaron baya, ana iya lallaɓawa. Ga ɗan gaba kuwa, idon sawu shi ne jarinsa. Da shi yake fizgar taku uku na farko da ke raba shi da mai gadinsa, da shi yake tsayawa cak ya juya, kuma a kansa yake dogara duk nauyin jikinsa lokacin da ɗaya ƙafar take dukan ƙwallo. Sannan a duba shekarun da abin ya faɗo: daga 17 zuwa 19, daidai lokacin da takwarorinsa ke tara wasanni suna koyon gwabzawa da manya.

PSV ta haƙura da shi. A 1998 ya koma gida ya buga wa KR Reykjavik 'yan wasanni, sannan Bolton Wanderers, wadda ke rukuni na biyu a Ingila, ta gwada sa'arta a kansa ƙarƙashin Colin Todd. Ya iso da nauyin da ya wuce na ɗan wasa, abin da ba mamaki ga wanda ya yi shekara biyu ba ya gudu sosai. Sai da aka ɗauki watanni ana gyaran jiki kafin ya samu gurbi.

Mutumin da ya fito daga wannan jinya ba mai tsere ba ne. Bai taɓa zama irin ɗan gaban da za a jefa wa ƙwallo bayan masu tsaron baya a ce ya kamo ba. Abin da ya rage masa shi ne taɓawar farko mai laushi, da faɗin jiki na kare ƙwallo, da idon da ke ganin fili kafin ƙwallo ta iso. A kan waɗannan uku ya gina duk abin da ya biyo baya.

A kakar 1999-2000, wadda Sam Allardyce ya karɓi ƙungiyar a cikinta, ya ci ƙwallo 21 a duk gasanni. Bolton ta kai wasan kusa da na ƙarshe sau uku, ta faɗi a duka ukun: Tranmere ta fitar da ita a kofin League, Aston Villa a kofin FA da bugun fanareti, Ipswich a wasan cike gurbin hawa Firimiya. Ƙungiyar da ba ta hau ba kuma take bukatar kuɗi ba ta iya riƙe irin wannan yaro. Chelsea ta saye shi a bazarar 2000 a kan fam miliyan huɗu da wani abu.

Shi da Hasselbaink

A bazarar nan dai Chelsea ta kashe fam miliyan 15 a kan Jimmy Floyd Hasselbaink. Gianluca Vialli ne ya kawo su, amma ba a yi nisa da kakar ba aka sallame shi, Claudio Ranieri ya gaje shi. Tsofaffin magoya bayan Chelsea a gidajen kallo za su tuna wannan tawaga ta kafin zuwan kuɗin Abramovich: Zola, Desailly, Lampard daga 2001, Terry yana tasowa, da Celestine Babayaro haifaffen Kaduna a bayan hagu.

Tsarin 4-4-2 ake yayi a Ingila a lokacin, wato 'yan gaba biyu. Sirrin wannan tsari shi ne kada biyun su zama iri ɗaya. Hasselbaink mutum ne mai ƙarfin duka, ba ya son dogon tunani, a ba shi ƙwallo yana fuskantar raga kawai. Eidur kuma sai ya riƙa janyewa baya kaɗan, ya tsaya a tazarar da ke tsakanin masu tsaron bayan abokan hamayya da 'yan tsakiyarsu.

Aikin wannan gurbi yana da matakai, kuma wanda ya kalli tsofaffin wasanninsa da natsuwa zai gan su. Kafin a miƙo masa ƙwallo, yakan waiga ta kafaɗa ya ga wa ke bayansa. Yakan tsaya a karkace, ba ya juya wa raga baya gaba ɗaya, don taɓawa ɗaya ta ishe shi ya fuskanci gaba. In mai gadi ya matso, sai ya sa ƙugu da hannu ya tokare shi, ya ture ƙwallon zuwa ƙafar da ke nesa da shi. Daga nan zaɓi ya koma kan mai tsaron baya, kuma duk wanda ya ɗauka akwai asara. In ya biyo Eidur, ya bar rami a bayansa wanda Hasselbaink zai faɗa. In ya tsaya a layinsa, ya bar Eidur ya juya da ƙwallo a ƙafa, yana kallon raga daga yadi ashirin da biyar. Gudu ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan. Lokaci ne ake sacewa, daƙiƙa ɗaya ko rabinta.

A kakar 2001-02 su biyun sun ci ƙwallo 52 a duk gasanni, Hasselbaink 29, Eidur 23. Chelsea ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, Arsenal ta doke ta 2-0. A Janairun 2003 ya ci Leeds ƙwallon da har yau ake maimaita nunawa, wadda ya juya wa raga baya, ya tashi sama, ya shauɗa ta ta bisa kansa.

A wannan watan ne kuma ya fito fili da bakinsa ya ce caca ta cinye masa kusan fam 400,000 cikin wata biyar. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Matashi mai albashi mai tsoka, wanda aikinsa ke ƙarewa kafin azahar, yana zaune a Landan nesa da dangi, yana cikin haɗarin da ƙungiyoyin wancan zamani ba su ɗauka da muhimmanci ba. Faɗin da ya yi da kansa ya fi ɓoyewar da wasu suka yi har ta kai su ga tsiya.

Ranar da gurbinsa ya ɓace

A 2003 Roman Abramovich ya sayi Chelsea, manyan 'yan gaba suka fara shigowa: Crespo, Mutu, daga baya Drogba da Kezman. A 2004 Jose Mourinho ya zo, Hasselbaink ya tafi Middlesbrough. Ƙwallon farko da Chelsea ta ci wa Mourinho a Firimiya, ranar 15 ga Agustan 2004 a wasan da ta doke Manchester United 1-0, Eidur ne ya ci ta bayan Drogba ya sauko masa da ita da ka.

Amma ba da daɗewa ba Mourinho ya karkata zuwa 4-3-3, kuma wannan tsari ba shi da wurin ɗan gaba na biyu. Lamba tara guda ɗaya ne, da 'yan gefe biyu masu gudu, Robben da Duff. A tsakiya mutum uku: Makelele yana share gaban masu tsaron baya, Lampard yana kutsawa cikin da'ira, sai gurbi ɗaya. 'Yan wasa da yawa irin Eidur a wannan sauyi suka ƙare, domin ba su da ƙarfin lamba tara, ba su da gudun ɗan gefe, ba su kuma da huhun ɗan tsakiya.

Shi sai ya zama mai toshe duk ramin da ya buɗe. Drogba ya yi jinya a kakarsa ta farko, Eidur ya riƙe lamba tara, har ya ci Blackburn uku rigis a Oktoban 2004. Da Drogba ya dawo, sai aka mayar da shi tsakiya kusa da Lampard. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne aikin bai canja sosai ba. Waigen nan, da tsayuwa a karkace, da kare ƙwallo da jiki, su ne dai ake bukata, sai dai yanzu yadi goma sha biyar a baya, tare da ƙarin nauyin komawa tare hanya in an ƙwace ƙwallo. Kuma zamansa a can ya amfani Lampard, domin akwai wanda zai riƙe ƙwallo na ɗan lokaci har Lampard ya iso bakin da'ira.

Chelsea ta ɗauki gasar 2004-05 da maki 95, ƙwallo 15 kacal aka zura mata, kuma shi ne karon farko da ta ɗauki gasar cikin shekara 50. Eidur ya ci 12 a gasar. A Maris na 2005 shi ya buɗe ci a minti na takwas a wasan da Chelsea ta lallasa Barcelona 4-2 a Stamford Bridge a kofin zakarun Turai, daren da Ronaldinho ya ci ƙwallon nan da tsinin takalmi yana tsaye.

Sai kuma Anfield, ranar 3 ga Mayun 2005, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. Liverpool na gaba da ƙwallon Luis Garcia wadda har gobe ake gardamar ko ta haye layi. A minti na shida na ƙarin lokaci ƙwallo ta faɗo wa Eidur a gefen dama na ƙaramar da'ira, ya doka, ta gilma gaban raga ta fita. Da ta shiga, Chelsea ce za ta je wasan ƙarshe a Istanbul. Akwai magoya bayan da abin da suka riƙe game da shi ke nan, kuma wannan rashin adalci ne ga mutumin da ya buga wa ƙungiyar wasa 263, ya ci 78, ya ɗauki Firimiya biyu a jere. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin dai ita ce bai taɓa zama makashin raga irin wanda rabin dama ke isarsa ba. Ƙafarsa ta fi gwanintar shirya ci fiye da gamawa.

Barcelona

A bazarar 2006 Shevchenko da Ballack suka iso Chelsea, tare da Kalou da Mikel Obi. Gurbin gaba da na tsakiya duk sun cika. Barcelona, wadda ta ɗauki kofin zakarun Turai a watan Mayu, tana neman wanda zai maye Henrik Larsson, wato gogaggen da zai yarda da benci amma in an sa shi ba za a ga giɓi ba. Ta biya kusan yuro miliyan 12, ta ba shi riga mai lamba bakwai.

Ya fara da ƙafar dama: ya shigo daga benci a wasan farko na La Liga ya ci Celta Vigo ƙwallon nasara, 3-2. A ƙarshen Satumba Samuel Eto'o ya ji ciwo a gwiwa, ya tafi jinyar watanni, nauyin lamba tara ya faɗo kan Eidur. Ya ci tsohuwar ƙungiyarsa a wasan da aka tashi 2-2 a Camp Nou, ya ci Werder Bremen a wasan da Barcelona ke bukata don ta tsallake rukuni. Duk da haka ba a gamsu ba, kuma dalilin a bayyane yake. Ronaldinho da Deco da Xavi sun saba da ɗan gaban da ke fizga a guje bayan masu tsaron baya, yana ja da su baya don fili ya buɗe. Eidur kuwa ɗabi'arsa ita ce ya taho wajen ƙwallo. Sai ya zamana yana shiga filin da su suke so, gaba kuma ba kowa. Ba rashin iyawa ba ne, kayan ne ba su dace da juna ba.

Da Henry ya zo a 2007, sai aka mayar da shi tsakiya kamar yadda aka yi a Chelsea. Sai dai a nan layin da ke gabansa Xavi ne da Iniesta, ga Yaya Toure, daga baya ga Seydou Keita da Busquets. Guardiola ya karɓi ƙungiyar a 2008, ya sallami Ronaldinho da Deco, amma ya bar Eidur, yana sa shi in ana hutar da manya. A kakar 2008-09 Barcelona ta haɗa kofi uku. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a birnin Roma, ranar 27 ga Mayun 2009, da Eto'o da Messi suka ci Manchester United, yana benci ba a sa shi ba, amma ya zama ɗan Ayislan na farko da ya ɗauki kofin zakarun Turai.

Shekarun yawo

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Monaco a 2009, inda bai ci ko ɗaya a gasar Faransa ba. Aro zuwa Tottenham. Stoke City, wadda wasanta na dogayen ƙwallaye da jifan Rory Delap ne, wurin da mai son ƙwallo a ƙafa ba shi da abin yi. Aro zuwa Fulham. AEK Athens ta Girka, inda ya sake karyewa a ƙafa a Oktoban 2011 a wasa da Olympiacos. Cercle Brugge, Club Brugge, komawa Bolton a ƙarshen 2014, Shijiazhuang ta ƙasar Sin, Molde ta Norwe ƙarƙashin Solskjaer, sai Pune City ta Indiya inda rauni ya hana shi buga ko wasa ɗaya. Ya rataye takalmi a 2017.

Darasin da ke cikin jerin nan na zaɓen ƙungiya ne. Ɗan wasa mai gudu ko mai tsalle yana iya ɗaukar kayansa ya je ko'ina. Wanda aikinsa haɗa wasa ne, sai da abokan da za su motsa lokacin da ya riƙe ƙwallo. In babu su, sai a ga kamar yana tafiya a fili ne kawai.

Tawagar da ta iso a makare

A mafi yawan shekarunsa na ƙarfi, Eidur tauraro ne a tawagar da ba ta zuwa ko'ina. Ya karya tarihin Rikhardur Jonsson na ƙwallo 17 a 2007, ya ƙare da 26 a wasa 88, adadin da Kolbeinn Sigthorsson ya kamo, Gylfi Sigurdsson kuma ya wuce a 2023.

Canjin ya soma ne a bayansa. A shekarar 2000 aka buɗe rufaffen filin ƙwallo na farko mai cikakken girma a yankin Keflavik, wasu suka biyo baya a Kopavogur da Reykjavik. Ƙananan hukumomi ne suka gina su, da ciyawar roba da ɗumi a ciki. Aka kuma shimfiɗa ƙananan filaye sama da ɗari a harabar makarantu. Hukumar ƙwallon ƙasar ta kawo kwasa-kwasan lasisin UEFA gida, har ya zama yaro ɗan shekara shida ma mai takardar shaida ne ke horar da shi, kuma ana biyansa. Lokacin atisaye ya tashi daga wata biyar zuwa shekara cur.

Akwai kuma wata ƙofa ta doka da ba a cika ambata ba. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin tattalin arzikin Turai tun 1994. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai dai ta yi togiya ga 'yan wannan yanki, waɗanda za su iya tafiya daga 16. Yaron Reykjavik yana iya shiga makarantar ƙwallo a Holan ko Danmak shekara biyu kafin takwaransa na Kano ko Yamai ya samu izini, kuma ba a ƙirga shi cikin baƙin da wasu gasanni ke ƙayyade adadinsu. Duk mai kwatanta Ayislan da Najeriya ko Nijar ta yawan jama'a kawai ya tsallake wannan.

'Ya'yan wannan tsari, su Gylfi da Aron Gunnarsson da Kolbeinn da Birkir Bjarnason, sun kai gasar Turai ta 'yan ƙasa da 21 a 2011. A shekarar aka ɗauko Lars Lagerback ɗan Suwidin ya zama kocin babbar tawaga, tare da Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori daga tsibirin Heimaey. A 2012 ƙasar tana ta 131 a jadawalin FIFA. A Nuwamban 2013 ta kai wasan cike gurbin kofin duniya, ta yi canjaras da Kuroshiya a gida, aka ci ta 2-0 a Zagreb. Eidur, mai shekara 35, ya fashe da kuka a gaban kyamara, yana ganin wasansa na ƙarshe ke nan.

Bai zama na ƙarshe ba. Komawarsa Bolton ta sa aka sake kiransa, ya ci Kazakistan a Maris na 2015, Ayislan ta doke Holan gida da waje ta samu gurbin Euro 2016. A Faransa tsarin Lagerback 4-4-2 ne mai matsatsi, 'yan wasa goma sha ɗaya iri ɗaya a duk wasa biyar, da dogon jifan Aron wanda ya haifar da ƙwallon farko a ragar Ingila a Nice. Wannan wasa ne na masu huhu, ba na ɗan shekara 37 ba. Sau biyu ya shigo daga benci: da Hungari, sai wasan daf da na kusa da na ƙarshe da Faransa ta ci 5-2, inda Aron ya ɗaura masa ƙyallen kyaftin a mintunan ƙarshe. Shekara ashirin ke nan da wata biyu bayan Tallinn.

Tawagar da Najeriya ta haɗu da ita a Volgograd ranar 22 ga Yunin 2018, wadda Ahmed Musa ya zura wa biyu, Gylfi kuma ya ɗaga fanareti sama, ita ce dai wannan, ba tare da Eidur ba. Ya riga ya yi ritaya, bai taɓa taka filin kofin duniya ba.

Daga baya ya shiga horarwa, a tawagar 'yan ƙasa da 21, da ƙungiyar FH, da kuma babbar tawaga a matsayin mataimakin koci. 'Ya'yansa maza uku, Sveinn Aron da Andri Lucas da Daniel Tristan, duk ƙwallo suke bugawa, duk kuma 'yan gaba ne. A Oktoban 2021 Ayislan ta karɓi Liechtenstein a Reykjavik ta ci 4-0. Sveinn Aron da Andri Lucas sun shigo daga benci, wan ya sauke wa ƙanen ƙwallo, ƙanen ya zura ta huɗun, ubansu yana tsaye a bakin layi cikin masu horarwa.